Hunturu: Kada Ka Toshe Ɗakin 'Yan Tsaki Ruf

Da zarar hunturu ya kankama a Disamba da Janairu, kukan da na fi ji daga masu kiwon kaji shi ne: "Malam, na rufe ko'ina da leda, na hura gawayi, amma kullum da safe sai na kwashe matattu." Sau tari ba sanyi ne ya kashe su ba, rashin iska ne.

Numfashin 'yan tsaki da kashinsu suna fitar da laima da zarnin amoniya. Gawayin kuma yana cinye iskar shaƙa, ya saki wata mai guba wadda ba ta da wari ko kaɗan. Ka shiga ɗakin da asuba ka tsuguna, hancinka daidai tsayin kajin. In idonka ya yi yaji, ko ka ga leda tana zufa ta ciki, to ɗakin ya shaƙe.

Manoman ƙasashen ƙanƙara irin su Kanada ma da wannan matsalar suke fama, tasu ta ma fi tamu: su buɗe, ɗumi ya gudu, su rufe, kaji su shaƙe. Shi ya sa wasunsu ke amfani da na'urar musayar zafi. Fanka ɗaya tana fitar da gurɓatacciyar iska, ɗaya tana jawo sabuwa, duka biyun su bi ta tsakanin siraran faifai ba tare da sun gauraya ba. Mai fita sai ta ɗumama faifan, mai shiga ta kwashi ɗumin. Amma fa tana da nata ciwon kai. Idan sanyin waje ya faɗi ƙasa da sifili sosai, laimar iskar da ke fita takan daskare a jikin faifan ta toshe hanya. Maganin shi ne a tsayar da fankar shiga na 'yan mintoci har ƙanƙarar ta narke, ko a ɗan ɗumama sabuwar iskar kafin ta iso.

Ba cewa nake ka sayo ta ba. Sanyinmu, ko na Jos da Mambila, bai kai na can ba, ga matsalar wuta, ga ƙurar hunturu da za ta cushe ta. Dabarar za ka ara. Iska mai zafi sama take taruwa, don haka ka bar kafa kamar faɗin tafin hannu a saman labule, ba a ƙasa ba. Iskar sanyi in ta shigo ta nan, sai ta gauraya da ɗumin da ke ƙarƙashin rufi kafin ta sauko kan kaji. Hunturu daga arewa maso gabas yake busowa, wannan gefen shi za ka rufe da kyau, kafar ta fi yawa a ɗaya gefen.

Gawayi a waje ake hura shi, sai ya zama garwashi ja, hayaƙi ya ƙare, sannan a shigar da kasko. A makon farko ana son zafi digiri 32 zuwa 35 a inda 'yan tsakin suke, a riƙa rage kamar digiri 3 kowane mako. In ba ka da ma'auni, su da kansu za su gaya maka: sun cure jikin kasko, sanyi ne, sun watse bango suna haki, zafi ya yi yawa. Da rana ta ɗaga ka ɗage labule, ka juya ɓuntun shinkafa ko dusar katakon da ka shimfiɗa, wurin da ya jiƙe kusa da mazubin ruwa kuwa ka kwashe shi ka zuba busasshe.