Kafin Jarumi Ya Ɗaga Hannu: Mabuɗin Fim Ɗin Faɗa Da Masu Kallonsa A Dutse

Wanda ya taso a gindin duwatsun Garu a Dutse, in ya kalli farkon Sholay, fim ɗin Ramesh Sippy na 1975, zai ji kamar a bayan gidansu aka ɗauka. Mahaya biyu suna ratsa duwatsun Ramanagara, sunaye suna bi ta kansu, kiɗan R.D. Burman yana tashi da jita da fito. Ba a harba ko harsashi ɗaya ba, Gabbar Singh, bos ɗin fim ɗin, bai leƙo ba, amma mai kallo ya riga ya gane cewa ƙasar nan ta yi wa hukuma nisa, kuma ramuwar gayya ce za ta yi hukunci. Aikin mabuɗin fim ke nan. Turawa ma da irinsa suka kafa James Bond tun Dr. No a 1962, inda Maurice Binder ya sa mai kallo leƙen jarumin ta cikin bakin bindiga.

Yau wannan sashe yana ƙanƙancewa, kuma waya ce babbar sila. Zamanin kaset da gidan kallo, lokacin wucewar sunaye shi ne na gyara zama a benci da yi wa masu surutu tsawa. Yanzu matashi a Dutse, Kiyawa ko Birnin Kudu wajen masu tura fim yake cika mamori, ko ya hau YouTube yana lissafin data, yatsansa a kan allo. Netflix ma maɓallin tsallakewa ta sa tun 2017. Masu shirya fina-finan daba masu dogon zango, irin su A Duniya, sun san wa suke yi wa aiki: in ba a nuna sara ko bin gudu da wuri ba, mai kallo ya wuce.

Sai Indiya-Hausa, wadda kamfanin Algaita ya yi fice da ita. A nan murya ta karɓe aikin rubutu. Sunayen da ke kan allo ba kowa ke iya karanta su ba, don haka mai fassara ne ke yi wa jarumi kirari da laƙabi. Ribar a fili take, wanda bai yi boko ba ma ya shiga labari. Asarar kuwa, inda darakta ya shimfiɗa shiru don gaba ya faɗi, sau da yawa talla ko barkwanci ne ke hawa kai, sai bos ya fito ana dariya.

A ganina sunayen ma'aikata ne aka gaji da su, kirarin yana nan. Tun Annamalai na 1992 ake buɗe fina-finan Rajinikanth da harufan laƙabinsa suna faɗowa ɗaya bayan ɗaya, 'yan kallo na ihu, kuma Bahaushen da ya saba jin maroƙi yana wasa ɗan dambe kafin a gwabza ba baƙon wannan ba ne. Masu ɗaukar hoto da masu tace fim su ne suka kwana ciki, don an tura sunayensu can ƙarshe, lokacin da an riga an danna fim na gaba.