Tambarin Fairtrade: Abin da Yake Shaidawa

Wanda ya shiga kantunan Turai zai ga wani ɗan tambari a jikin ƙunshin gahawa, ko ayaba, ko cakulan, an rubuta Fairtrade, watau cinikin adalci. Manufar wannan takarda ita ce a bayyana abin da tambarin yake shaidawa, da inda shaidarsa ta tsaya.

A fataucin goro na Gwanja, mai saye da mai sayarwa sukan haɗu a gaban fatoma ko dillali, shi ne shaida. Amma mai shan gahawa a Holan ba ya ganin manomin Meksiko da ya noma ta. To, tambarin nan shi ya tsaya a matsayin shaida tsakaninsu.

An fara shi a Holan a 1988 da sunan Max Havelaar, sunan wani littafi na 1860 da ya tona zaluncin da aka yi wa manoman Jawa a ƙarƙashin mulkin Holan. Gahawar farko ta fito daga ƙananan manoman Owahaka ta Meksiko. A 1997 ƙungiyoyin ƙasashe dabam-dabam suka haɗu, suka kafa cibiya a Bon ta Jamus, kana suka fitar da tambari guda a 2002.

Alkawari biyu ne ginshiƙinsa. Na farko, farashin da ba a sauka ƙasa da shi ko kasuwa ta faɗi. Na biyu, ƙarin kuɗi da ake ba ƙungiyar manoma, membobinta su yanke shawarar aikin da za a yi da shi, ko rijiya ko makaranta. A 2019, alal misali, an yanka wa tan ɗaya na koko dala 2,400, da ƙarin dala 240. Cikin masu tambarin akwai Kuapa Kokoo, ƙungiyar manoman koko da aka kafa a Gana a 1993, mai cibiya a Kumasi.

Amma fa sai a lura da abu uku. Manomi ba ya samun wannan farashi sai a kan abin da aka saya da sharaɗin tambarin. Ragowar kuwa farashin kowa. Sa'an nan ƙungiya ita ke biyan kuɗin binciken da ake yi mata. Na uku, alkawarin da membobi aka ƙulla shi, watau masu gonaki, alhali ɗan ƙwadagon da ke aikin gonar ba lalle amfanin ya kai gare shi ba.

Saboda haka kalmar adalci ta fi tambarin nauyi. Abin da yake shaidawa shi ne an cika wasu sharuɗɗa ƙididdigaggu a kan wani kaso na amfanin gona. Ya kamata malamai su rarrabe wa ɗalibai tsakanin waɗannan biyu.