Man Zafi: Amfaninsa Da Iyakarsa

Da wuya a shiga gida a ƙasar nan, birni ko ƙauye, a rasa kwalbar man zafi a gefen gado. Ma'aikacin da ya wuni a kan kujera har wuyansa ya sage, da ɗalibin da ya yi targaɗe a filin ƙwallo, duk shi suke fara nema. Sai dai mutane da yawa sun ɗauka cewa gwargwadon raɗaɗin mai a fata gwargwadon ƙarfinsa na warkarwa, alhali kuwa ba haka abin yake ba.

Mayuka irin su Robb da Aboniki da Deep Heat an haɗa su ne da sinadarai kamar mantol, wanda ake samu daga na'ana'a, da kafur, da kuma metil salisilet, wato wani dangin asfirin. Babban aikinsu shi ne su tsokani jijiyoyin fata masu jin sanyi da ɗumi, ta yadda hankalin ƙwaƙwalwa zai koma kan fata, ciwon da ke ciki ya lafa na ɗan lokaci. Binciken yadda waɗannan jijiyoyi ke aiki, wanda aka yi amfani da mantol da sinadarin barkono a cikinsa, yana daga abin da ya sa aka ba David Julius da Ardem Patapoutian kyautar Nobel a 2021. Akwai kuma mayuka masu diklofenak, waɗanda ba su da raɗaɗi amma suna rage kumburi.

Jahiltar wannan kan jawo ɓarna. Wani kan lafta mai, ya ɗaure wurin tamau da ƙyalle, ko ya gasa shi da ruwan zafi domin wai ya ratsa ƙashi. A 2012 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa irin waɗannan mayuka sun ƙona fatar wasu mutane ƙuna mai tsanani. Kafin nan, a 2007, wata 'yar tsere mai shekara 17 ta rasu a birnin New York saboda yawan metil salisilet da jikinta ya tsotsa ta fata.

Saboda haka ƙa'idar ita ce a shafa kaɗan, kada ya wuce sau 3 ko 4 a rana, a wanke hannu bayan haka, a kuma nisanta shi daga ido da hanci da rauni. Mai ciki, da wanda asfirin ba ya karɓarsa, da mai shan maganin tsinka jini irin su wafarin, su tuntuɓi likita tukuna. A ɓoye kwalbar daga yara, domin haɗiye kafur kan jawo musu jijjiga. Wajen saye kuwa, a duba lambar rajistar NAFDAC da ranar da maganin zai lalace.

Sabon targaɗe ya fi bukatar hutu da ƙanƙara a cikin tawul a kwana biyun farko. In gaɓa ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi, ko mutum ya kasa taka ƙafa, ko ciwon ya haura kwana 7, to, sai asibiti, domin man zafi ba ya ɗora karaya, ba ya kuma fitar da mugunya daga gaɓa.