Mazaunin noti: ɗan ƙarfen da ke riƙe da ma'ajiyar kaya a cikin jirgin sama

Ma'aikacin da ya saba hawa jirgi daga Abuja zuwa Legas yakan cusa jakarsa a ma'ajiyar da ke saman kujera ya rufe, bai damu da abin da aka ƙera ta da shi ba. Galibi allo ne mai siraran ɓawo biyu, tsakaninsu ramuka masu kusurwa shida tamkar saƙar zuma, na alminiyam ko na takardar Nomex da kamfanin DuPont ya ƙirƙiro. Da irinsa ake yin daɓen jirgi da bangon banɗaki, har da gangar jikin taurarin ɗan'adam. Ga ƙarfi, ga rashin nauyi.

Sai dai akasarin cikinsa iska ce. In aka ɗaura masa noti kai tsaye, ko dai ramukan su murƙushe, ko notin ya fizge da zarar an ɗora kaya.

Shi ya sa ake dasa masa mazaunin noti, wani ɗan guntun ƙarfe mai zare a ciki. Ana huda ɓawon, a ƙwaƙule saƙar da ke kewaye, a zaunar da shi, sannan a ɗura gam ɗin efoksi ta wata ƙaramar kafa har sai ya ɓullo ta ɗayar, alamar gurbin ya cika. Idan gam ɗin ya daskare, nauyin da zai taru a wuri guda sai ya bazu zuwa ramukan da ke maƙwabtaka. Aikin na buƙatar haƙuri, domin kumfar iskar da ta maƙale a ciki tana rage ƙarfinsa, kuma ido ba ya ganinta. Danshi ma abokin gaba ne, musamman kusa da banɗaki, inda yakan shiga ya ci saƙar alminiyam a ɓoye.

A Turai, hukumar ECSS mai tsara ƙa'idojin sararin samaniya ta fitar da littafin jagora sukutum a kan wannan ɗan ƙarfe a 2011.

Ga jami'in da takardun sayen kayan gyaran jirgi ke bi ta teburinsa, arharsa ce tarkon. Nau'in NAS1834 na gaske da na jabu suna iya zama iri ɗaya a tafin hannu. Takardar shaidar masana'anta da lambar rukunin ƙira su ne ke rarrabe su, don haka su ya kamata a fara nema kafin a sa hannu.