Mayar Da Tsohuwar Mota Mai Aibi: Haƙƙin Mai Saye A Shari'a Da Doka

Kowace ranar Juma'a kasuwar kara ta Wudil takan cika da fatake da dillalai, ana cinikin shanu waɗanda za a loda zuwa Kudu. Tun kafin mota ta zo ƙasar Hausa mutanen irin wannan kasuwa sun san rigimar da ake kira aibi a ciniki, watau mutum ya sayi saniya da rana, ya kai ta gida, kashegari ya tarar tana da ciwon da ba a gaya masa ba. Maƙasudin wannan lacca shi ne a ɗauki wannan tsohuwar matsala a ɗora ta a kan tsohuwar mota, domin a ga abin da ma'aikaci ko malamin makaranta ke da ikon yi idan ya tara kuɗinsa na shekaru ya kai wa dila, motar kuwa ta mutu masa a kan gadar Wudil kafin mako ya zagayo.

A zamanin da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, a 1975, ma'aikacin gwamnati yakan karɓi rancen mota ya sayi sabuwa ful da takardar garanti. Bayan da darajar naira ta faɗi daga 1986, sai sabuwar mota ta gagari mai albashi, aka koma wa waɗanda Turawa suka gama hawa, su ne ake kira 'yan Beljiyam ko 'yan Kwatano. Su kuwa ba su zuwa da garanti, sai bakin dillali.

Malaman fiƙihun Malikiyya ba su san mota ba, amma sun san abin hawa, kuma hukuncin da suka tsara wa doki da raƙumi ya hau kan mota daidai. Abin da ke cikin Risala ta Ibn Abi Zaidin da Muhtasar na Halilu shi ne, wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibi a jikinsa, wanda ke rage masa daraja, kuma bai san da shi ba lokacin ciniki, yana da zaɓi biyu: ko ya riƙe abin haka nan, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Asalin wannan babi har da hadisin dabbar da aka ƙi tatsa don hantsarta ta cika a ruɗi mai saye. An ba mai sayen ikon mayar da ita, tare da sa'i ɗaya na abinci a madadin nonon da ya tatsa. Dilan da ya mayar da mitar mota baya, ko ya zuba wa inji baƙin mai mai kauri don ƙara ta kwanta, ko ya sa fenta ya rufe wurin da aka yi walda bayan hatsari, lalle aikinsa da na mai ɗaure hantsa duk ɗaya ne. Sunansa algus.

To, idan wani sabon aibi ya auku a hannun mai saye fa, alal misali ya goga motar da katanga kafin ya gano cewa giyarta ta lalace tun can? A nan ma yana da zaɓi. Ko ya mayar da motar ya biya abin da gugar ta rage, ko ya riƙe ta a mayar masa da kuɗin tsohon aibin. Lissafin kuwa da kaso ake yinsa. Idan masana suka ce lafiyayyar irinta ta kai naira miliyan 5, mai wannan aibi kuma miliyan 4, to aibin ya ci kashi ɗaya cikin biyar ke nan, sai a cire ɗaya cikin biyar na kuɗin da aka biya, ko nawa ne.

Wurin da yawancin masu saye ke faɗuwa shi ne jinkiri. A Malikiyya, wanda ya ga aibi ya ci gaba da hawan dabbar, ana ɗauka ya yarda da ita, sai fa matafiyin da ba shi da wata dabara face ya hau ta ya iso gida. Shiru ma haka yake: in ya yi kamar yini ɗaya ba uzuri, sai ya rantse cewa ba yarda ya yi ba, in kuwa ya zarce kwana biyu, masu sharhi sun ce haƙƙinsa ya faɗi. Bahaushe kuwa mutum ne mai kunya da kara. Sai ya ce bari ya lallaɓa tukuna, kada dillalin ya ga kamar an zarge shi, musamman in ɗan unguwarsu ne ko abokin surukinsa. Ya kai wa makanike ɗaya, ya kai wa na biyu, a sauke inji a mayar. Ranar da zai je wurin dila, amsar tana jiransa: makanikenka ne ya ɓata ta.

Ta ɓangaren dokar Turawa, tushen hukunci shi ne dokar sayar da kaya ta Ingila ta 1893, wadda Nijeriya ta gada cikin dokokin da ke aiki a Ingila ranar 1 ga Janairu, 1900. Jihohin da suka yi tasu dokar ma daga gare ta suka kwafo. Ta ce wanda sana'arsa ita ce sayar da wani kaya, wajibi ne kayan ya dace da siffar da aka yi masa, ya kuma yi aikin da aka saye shi dominsa. Amma tsohuwar mota ba sabuwa ba ce, kotuna kuma ba su yi kamar ba su san haka ba. A shari'ar Bartlett da Sidney Marcus ta 1965, wani ya sayi tsohuwar Jaguar, an kuwa gaya masa kulocinta na bukatar gyara, daga baya gyaran ya fi yadda ya zata tsada. Alƙali Denning ya ce mai sayen tsohuwar mota ya kamata ya san cewa gyare-gyare za su taso ko ba daɗe ko ba jima, mutumin ya faɗi shari'a. Shekara 10 bayan haka, a shari'ar Crowther da kamfanin Shannon, wata Jaguar mai shekara 8, wadda ta yi tafiyar mil sama da 82,000, injinta ya buga bayan mako 3 a hannun mai saye. Shaida ta nuna injin ya riga ya ƙare tun ranar ciniki, sai kotu ta ba mai saye gaskiya. Tsufa daban, lalacewa daban, kuma kuɗin da aka biya da shekarun motar su ne ma'auni.

Wannan doka tana da tarko guda. Aibin da dubawa za ta iya bayyanawa, in mai saye ya riga ya duba, ba shi da ikon kuka a kansa. Saboda haka makaniken da aka tafi da shi filin motoci yana iya zama kariya, yana kuma iya zama hujja a kan wanda ya kai shi, in dai kewaya motar kawai ya yi ya buga taya da ƙafa. Haka kuma wanda ya riƙe kaya fiye da lokacin da ya dace ba tare da ya ce ya ƙi su ba, an ɗauka ya karɓa, sai dai ya nemi diyya. Ingila ta daɗe da gyara wannan fanni, dokarta ta 2015 ta ba mai saye kwana 30 na mayarwa kai tsaye.

Nijeriya ta kafa majalisar kare masu saye da dokar soja mai lamba 66 ta 1992. Dokar gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ta maye gurbinta, ta kuma kafa hukumar FCCPC. Sashe na 117 ya wajabta wa mai sayar da kayan da aka riga aka yi amfani da su, ko aka yi wa kwaskwarima, ya bayyana haka a fili. Sashe na 132 ya ba mai saye wata 3 daga ranar da ya karɓi kaya, in sun gaza ingancin da ya kamata, ya mayar da su a kan kuɗin mai sayarwa, shi kuma ya gyara, ko ya sauya, ko ya mayar da kuɗi. Sashe na 145 kuwa ya juyar da nauyin hujja: in an ce kaya suna da aibi, mai sayarwa ne zai tabbatar da cewa ba su da shi. Rubutun nan da ake bugawa a gindin rasit, cewa kaya in sun fita ba su dawowa, bai isa ya shafe haƙƙin da doka ta bayar ba. Abin sha'awa, mashahurin zance a Malikiyya ma bai karɓi sharaɗin kuɓuta daga aibi a cinikin dabbobi da sauran kaya ba, balle ga wanda ya san aibin ya ɓoye.

Sai dai dokar ta 2018 da ɗan kasuwa take magana, wanda sayarwa ce sana'arsa. A nan ne yanayin cinikinmu ke kawo cikas. Sau da yawa motar da ke filin dila ba tasa ba ce, ajiya ce ta wani mutum, shi la'ada kaɗai yake jira, tsakaninsa da mai saye kuma akwai dillalai biyu ko uku. Rigima na tashi sai kowa ya ce shi ɗan aike ne. Maganin wannan tun ranar biya ake yinsa: rasit ya fito da sunan kamfanin dilan, a rubuta lambar shasi da ta inji, da shekarar ƙira, da abin da mita ta nuna, da duk abin da aka faɗa da baki, kamar cewa ba ta taɓa hatsari ba ko ruwa bai taɓa cinta ba. Takardun kwastan ma a tabbatar da ingancinsu, domin a Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, motar da aka shigo da ita ba haraji kuwa ana iya kama ta a hannun ko wane ne. Mai hankali yakan kuma nemi sharaɗin gwaji a rubuce. Malikiyya sun yarda da zaɓin kamar kwana 3 a kan abin hawa.

In aibi ya bayyana, a ajiye motar a daina hawa, kada a bari kowa ya kwance inji. A sanar da dila a ranar, a rubuce, a gaban shaidu, a kuma faɗa masa a sarari cewa an ƙi motar, kuɗi ake so. In ya ƙi, shugabannin ƙungiyar masu sayar da motoci sukan yi sulhu. Bayansu akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta Jihar Kano, da FCCPC, da kotun Musulunci ko babbar kotun jiha. Ofishin 'yan sanda, inda mutane suka fi rugawa, aikinsa yana tasowa ne in akwai zamba ko takardun jabu ko motar sata. Giyar da ta lalace magana ce ta ciniki, kotu ke raba ta.