Gidan da aka mutu a ciki: a zauna ko a tashi?

'Yan'uwa ɗalibai, daga Bebeji zuwa Kiru, Tudun Wada har Doguwa, da wuya a sami tsohon gidan da ba a taɓa fitar da gawa daga cikinsa ba. Kakanninmu a ɗakunansu suka cika, aka yi musu wanka a cikin gida, aka sallace su a ƙofar gida, bayan sadakar uku rayuwa ta ci gaba. Amma da an ce kisa aka yi a gida, sai a bar shi ya zama kango, ana cewa akwai fatalwa.

Addininmu bai goyi bayan wannan camfi ba. Manzon Allah (SAW) ya rasu a ɗakin Nana A'isha, a nan aka binne shi, ita kuma ta ci gaba da zama a wurin. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ya rasu a 1817, a gidansa na Sakkwato aka binne shi, inda yanzu ake kira Hubbare. Matar da mijinta ya mutu ma, a gidan take yin takabarta ta wata huɗu da kwana goma. Kango kuwa, maimakon fatalwa, macizai da 'yan shaye-shaye yake tarawa.

Tambayar da ta fi amfani ita ce: me ya kashe mamacin? In amai da gudawa ne, a duba rijiya da masai, don a gurɓataccen ruwa cutar take. In zazzaɓin Lassa ne, ɓeraye ke yaɗa shi, sai a sanar da ma'aikatan lafiya su yi feshi, a toshe ramuka, a rufe hatsi. Wasu kuma a barci suke tafiya saboda an kunna janareto ko an sa gawayi a ɗaki lokacin hunturu an rufe taga. Iskar da ke fita daga nan ba ta da wari ba ta da launi, shi ya sa ake ɗora wa aljanu laifin. In ba a gyara ba, mai shiga na gaba ma haka zai same shi. Haka nan katangar ƙasa da ta tsage da damina.

Gidan da aka yi kisa yana da nasa batun. Kada a shiga sai 'yan sanda sun gama bincike, kuma mai saye ya tabbatar an raba gado, don arhar irin wannan gida kan zo da shari'a a bayanta. A jihar Kalifoniya ta Amurka doka ta tilasta mai sayarwa ya faɗi mutuwar da aka yi a gidan cikin shekara 3 da suka wuce. A nan kuwa dillali ba lallai ya faɗa ba, sai a tambayi maƙwabta ko mai unguwa.

Iyalan da aka kashe wa mutum a gabansu, in sun kasa barci a gidan, su tashi, kuma kada a yi musu gori. Abin da suka gani ne ke damunsu, baƙon da zai shiga bayansu bai gan shi ba.