Idan Hukuma Ta Biyo Mamaci Bashi

A Toranke, kamar sauran garuruwan ƙasar Ajingi da Gaya, da wuya a sallaci gawa ba a ji wani dattijo cikin dangi ya ɗaga murya ya ce duk mai bin marigayi bashi ya zo ya sami wane, wanda marigayi yake bi shi ma ya zo ya faɗa. Mai shago zai zo da littafinsa, dillalin taki zai zo, wanda ya ba da rancen gero da bazara zai zo ya karɓa ko ya ce ya yafe. Kafin sadakar bakwai yawanci an san inda aka kwana. Sai dai akwai mai bin bashin da ba ya zuwa jana'iza, ba ya zuwa zaman makoki, kuma ma'aikacinsa ba shi da hurumin cewa "na yafe". Wannan shi ne hukuma: ofishin fansho, ko ma'aikatar da marigayi ya yi wa aiki, ko bankin da gwamnati ta bi ta hannunsa ta raba rance. Ita takan ɓullo ne bayan wata takwas ko shekara biyu, sau da yawa bayan an raba gado, kowa ya kama gabansa.

Kuɗin da hukuma kan nema iri-iri ne. Akwai wanda marigayi ya karɓa tun yana raye alhali bai cancanta ba, kamar albashin da aka yi ta biyan sa a kan matakin da ba nasa ba. Akwai rancen da ya ci bai gama biya ba. Akwai kuma kuɗin da suka ci gaba da faɗawa asusunsa bayan ya kwanta dama, don ba wanda ya sanar. Na farko da na biyu bashin mamaci ne, ana fitar da su daga abin da ya bari. Na ukun hukuncinsa daban ne, kuma shi ya fi jefa iyalai cikin rigima, don haka za mu daɗe a kansa nan gaba.

Jerin da shari'a ta tsara

Mutanen wannan yanki Musulmi ne mabiya mazhabar Malikiyya, kuma kotunan shari'a na Jihar Kano da ita suke rabon gado. Ayoyi na 11 da 12 na Suratun Nisa'i sun ɗora rabon magada a bayan wasiyya da bashi. Malaman fiƙihu, kamar yadda yake a Muhtasar na Shehu Halilu, suka jera abin dalla-dalla. Da farko a fitar da haƙƙin da ke rataye da wata kadara takamaimiya. Gonar da marigayi ya jinginar, alal misali, mai riƙe da ita ya fi kowa haƙƙi a kanta har a biya shi. Sai kuɗin likkafani da binnewa, gwargwadon al'ada ba tare da almubazzaranci ba. Sai basussuka. Sai wasiyya, wadda ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da ya rage. Abin da ya yi saura bayan wannan duka shi ne gado.

Mai karatu ya lura cewa shinkafar sadakar uku da ta arba'in ba ta cikin jerin nan. Ana yawan ɗibar hatsin rumbun mamaci ko a sayar da akuyarsa a yi hidimar baƙi, alhali ana bin sa bashi kuma akwai marayu. Wanda yake son yin sadaka ya yi da aljihunsa.

Ƙa'ida ta biyu ita ce wadda ya kamata kowane magaji ya riƙe da kyau, domin da rashin saninta ake tsorata mutane: ba a gadon bashi. Bashin mamaci yana kan dukiyar da ya bari, iyakarta ke nan. A ce mutum ya bar abin da aka ƙiyasta a kan Naira 900,000, ana bin sa 1,200,000. Kowane mai bin bashi zai sami kashi uku cikin huɗu na kuɗinsa, magada su tashi hannu rabbana, amma ba mai ikon kama babur ɗin ɗansa ko ɗan kunnen matarsa don cike 300,000 da suka rage. Idan ɗa ya ga dama ya biya don ya sauke wa mahaifinsa nauyi, ya yi abin kirki, kuma akwai magabaci a kan haka: Sahabi Abu Ƙatada ya ɗauki bashin wani mamaci a kansa kafin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sallace shi. Amma wannan sa kai ne. Wanda kawai za a iya bi da ƙarfin doka shi ne wanda ya sa hannu ya tsaya wa marigayi lokacin karɓar rancen.

A tuna kuma matar mamaci na iya kasancewa cikin masu bin bashi. Ragowar sadakinta da ba a biya ba, ko saniyarta da ya sayar ya ce zai mayar, duk ana fitar mata da su tare da sauran basussuka, kafin a zo kan tumuninta.

Alat bayan rasuwa

Mu ɗauki misalin wani tsohon hedimasta da ya yi ritaya ya dawo gida Toranke. Ƙafa ta yi nauyi, ido ya yi rauni, don haka katin ATM da lambar sirri suna hannun babban ɗansa. Duk ƙarshen wata idan alat ya shigo, yaron ya je wurin mai POS ya ciro, ya sayo magani da cefane. Ranar da tsohon ya rasu, kwamfutar ofishin fansho ba ta san an yi rasuwa ba. Wata ya ƙare, wayar marigayi ta yi ƙara a cikin aljihun ɗansa. Gida cike da baƙi, iyaye mata suna takaba, buhun masara ya kusa ƙarewa. Ya ciro. Wata na biyu ma haka. A ce fanshon Naira 30,000 ne. Kafin a kira tantancewa a gane, wata bakwai sun wuce, an ci 210,000.

Fansho haƙƙin mai rai ne, yana yankewa da yankewar numfashi, sai inda doka ta yi togaciya. Kuɗin da suka shigo bayan nan ba su taɓa zama mallakar marigayi ba, saboda haka ba gado ba ne, ba kuma bashinsa ba ne. Idan suna nan cikin asusu, sai a mayar. Idan an cire, nauyin yana kan wanda ya cire, kuma kariyar nan ta "ba a gadon bashi" ba ta rufe shi. Ba adalci ba ne a zaftare rabon ƙananan marayu don biyan abin da yayansu ya ciro, sai in an tabbatar a bakinsu kuɗin suka tafi. Wanda kuwa ya wuce nan, ya je tantancewa da takardun mamaci ko ya kai wani tsoho a matsayinsa, ya fita daga maganar bashi ya shiga ta zamba.

Togaciyar da aka ambata tana da muhimmanci. A tsohuwar dokar fansho ta tarayya ta 1979, idan ma'aikaci ya rasu kafin ya cika shekara biyar da ritaya, iyalinsa suna da haƙƙin fanshon ragowar shekarun biyar ɗin. Saboda haka kada a yi saurin amsa cewa duk abin da ya shigo haramun ne, kada kuma a yi saurin ci. A fara sanin tsarin da marigayi yake ciki. Ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi 44 na Kano, har da malaman firamare, suna ƙarƙashin Hukumar Amintattun Asusun Fansho ta jiha, wadda ta samo asali daga dokar 2006 a zamanin Malam Ibrahim Shekarau. Tsofaffin ma'aikatan tarayya na tsohon tsari suna hannun hukumar PTAD, wadda yanzu take sa 'yan fansho su tabbatar suna raye ta intanet, da hoton fuska ko zanen yatsa. Na sabon tsarin adashi kuwa kuɗinsu na hannun kamfanonin fansho da hukumar PenCom ke sa wa ido, ƙarƙashin dokar 2014.

Sau da yawa ma iyalin ne suke bin hukuma fiye da yadda take bin su. Gwamnatin Kano ta tara bashin garatuti da haƙƙin mamata na shekaru, wanda Gwamna Abba Kabir Yusuf ya fara rage shi a ƙarshen 2023 da Naira biliyan 6. Dokar 2014 kuma ta wajabta inshorar rai ga ma'aikacin da ke ƙarƙashinta, wadda ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba. Ofis kan cire abin da yake bi daga abin da zai biya, wannan ba laifi ba ne, amma magada su nemi lissafin a rubuce. Wanda ya ɓoye rasuwa don ya ci fanshon wata bakwai, shi da kansa yake jinkirta fitowar kuɗin da suka ninka wannan.

Rance da tallafi

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma na gwamnati mutanenmu sun daɗe suna ɗaukar sa rabo. Lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin rancen manoma na Babban Bankin Nijeriya a Kebbi cikin Nuwamba 2015, aka riƙa raba iri da taki da maganin feshi ta hannun ƙungiyoyi irin su RIFAN, da sharaɗin a biya da amfanin gona. Da yawa ba su biya ba. A 2020 aka zo da rancen korona ta bankin NIRSAL, mutane suka cike fom a shagon kwamfuta suna ce masa tallafi. A watan Agustan 2020 ɗin kuma Babban Banki ya fara aiki da tsarin da ya ba banki damar bin lambar BVN ya ciri kuɗinsa daga duk wani asusun wanda ya ci bashi. Na manoma da na korona duk rance ne, kuma idan mai shi ya rasu yana kan dukiyarsa. Abin da ya kamata a tambaya shi ne ko rancen yana da inshora, domin wasu bankuna suna cire kuɗinta tun ranar bayarwa, kuma idan akwai ta, ita ce za ta biya. Kuɗin ruwan da ya taru bayan rasuwa ma abin a zauna a yi magana ne, kada a amsa shi da ka.

Tallafin rage talauci kuwa, irin Naira 5,000 a wata da aka riƙa bai wa gidaje a zamanin Buhari, kyauta ce. Duk wanda ya zo ya ce a mayar da abin da marigayiya ta karɓa tana raye, a tambaye shi takardarsa.

Hukuma ma sai ta kawo hujja

Takarda mai hatimi ba hukunci ba ce. Mamaci ba ya nan balle ya ce "na biya", shi ya sa fiƙihun Malikiyya ya tsaurara: mai da'awa a kan mamaci zai kawo hujja, sannan alƙali ya ƙara masa da rantsuwa cewa ba a biya shi ba kuma bai yafe ba. Ofis ba ya rantsuwa, amma yana da fayil. Magada suna da damar su nemi a nuna musu nawa ne, na waɗanne watanni, ta wane asusu aka tura, sannan su gwada da bayanan shige da ficen kuɗi daga banki. Ana samun kuskure, musamman a ranar rasuwa. Babban wa kuma kada ya sa hannu da sunan kowa don a rabu lafiya. Amsawarsa ba ta hawa kan rabon sauran magada, balle na marayu.

Kuɗin gwamnati ba a biyan su a hannu, ba a tura su asusun wani mutum. Na tarayya asusun bai-ɗaya suke shiga, a ba ka rasit. Masu bugo waya su ce su jami'an fansho ne, a turo wani abu kafin a rufe fayil, 'yan damfara ne. Idan an kasa daidaitawa, akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe, kuma rigimar fansho da garatuti hurumin Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce, wadda take da reshe a Kano.

To idan takardar ta zo bayan an raba gado fa? Rabo ba ya kashe bashi. Za a koma kan magada, kowa gwargwadon abin da ya karɓa, ba fiye ba. Magana ce mai sauƙi a baki, amma wanda ya ga an dawo ana auna gonar da aka riga aka kafa wa iyaka, ɗaya ya sayar da nasa kason, ɗaya ya yi gini, ya san irin gabar da take haifarwa tsakanin 'yan uba. Ba mu kaɗai ke fama da wannan ba. A Ingila ma'aikatar fansho tana da sashe na musamman da ke rubuta wa mai kula da dukiyar mamaci ya dakata da rabo har a bincika ko an biya marigayi fiye da haƙƙinsa. A Amurka tun 1993 doka ta wajabta wa jihohi su nemi kuɗin jinyar tsofaffi da shirin Medicaid ya biya daga abin da suka bari, har gida yakan tafi a haka.

Don haka idan marigayi ma'aikaci ne, ko ɗan fansho, ko an san ya taɓa cike fom ɗin rance, kada a taɓa katinsa. A karɓi takardar shaida daga asibiti, ko daga mai unguwa da dagaci in a gida ya cika, a kai wa jami'in Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ya ba da takardar shaidar rasuwa. A rubuta wa banki da ofishin fansho, a sa su buga hatimin karɓa a kan kwafi, a adana. Wanda marigayi ya rubuta sunansa a fom a matsayin makusancinsa ya san wakili ne kawai, kuɗin na dukkan magada ne. Kafin a gayyato malami ko a je gaban alƙali don rabo, a tura mutum ɗaya mai natsuwa ya je ofishin da kansa ya tambaya, a rubuce: me kuke bin sa, me yake bin ku?